Shuɗi Biyu a Ƙafar Dillali

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarshi ta zauna da ku, da ɗiyanku, har da waɗancan da suka makara suna laɓe bakin ƙofa. Ku shigo, Pasto ba ya cizo ran Lahadi.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Iliya, dillalin shanu ne ni a karar Dakoro, kasuwar dabbobi ke nan. Bagobiri, ga zane nan a huska, ba sai na rantse ba. Pasto ya ce in ba da shaida a taƙaice. Pasto, ka miƙa ma dillali magana ka ce a taƙaice? To, mu gani.

Ku dubi yadda nake tsaye. Ga ƙafa, ga ƴar'uwarta. In taƙaitawa ake so, shaidar ke nan. Sauran bayani ne, kuma in gaya maku gaskiya, rabin bayanin ni kaina har yau ban gama gane shi ba.

Shekarun baya, ran kasuwa, muna loda shanu a kamiyo, babbar motar kaya. Akwai wani jan bajimi da aka koro daga wajen Azagor, ƙahonshi in ya juya nan sai an kauce can garin Kornaka. Kowa ya ja baya, ni na ce ku matsa, ni da shanu mun san juna. Ashe shi ba a gaya mashi ba. Ya matse ni jikin mota, ya ɗora mani kofato bisa ƙwauri. Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Aka kwashe ni zuwa wani asibiti can wajen Maradi. Lokotoro ya buɗe ƙafar, ya jera ƙashin, ya ɗora wani dogon ƙarhe, ya ɗaure da ƙusoshi. Ƙashi ya haɗe, na tashi, na koma kara. Ku da kuka san ni lokacin kun san abin da na yi da ƙarhen nan. Babu wanda ban ba labarinshi ba. Na ce ni da kamiyo yanzu dangi ne. Na ce ran da na mutu kada Hannatu matata ta yi kuka, ta kira masu sayen tsohon ƙarhe su auna ni. Godiyar da na yi ma Allah ba ta kai kurin da na yi da ƙarhen ba.

Ana nan sai wani ɗan rami ya buɗe a tabon, bai kai idon kaza ba. Yana ɗan tsatsar ruwa, wata rana mugunya. Ba ya zahi sosai. Na tahi wurin mai tebur na sayi ƴan kapson nan ja da rawaya, in haɗiye wasu, in ɓare wasu in barbaɗa. Rami ya ruhe. Na ce an gama. Bayan ɗan lokaci ya buɗe. Na je wurin majo, malamin asibitinmu na nan garin, ya yi mani allurai, ya ruhe. Ya sake buɗewa. Ciwon nan ya zama kamar baƙon da ya san lokacin kwashe tuwo: ka raka shi har bakin hanya, ka juyo ka tarar ya riga ka zama bisa tabarma. Majo ya ce, “Iliya, koma wurin wanda ya sa ƙarhen.” Na ce to, na bi wata hanya.

Ina da wani aboki, Altine, Bahillace ne, ni ke sayar mashi da shanu tun muna samari. Ya ga ina korar ƙuda daga ƙafa, ya ce, “Kaɗo, kana wasa da maganin mutane. Maganin mutane ba shi da ƙarhi.” Ya zaro gwangwanin maganin heshin nan mai shuɗi da ake hesa ma dabba a gyambo. Ya ce, “Wannan ko saniya tsutsa ta ci rabinta yana tashe ta. Kai ka hi saniya ne?” Na duba, na ga lalle ban hi ta nauyi ba. Na karɓa.

Abin ya yi mani kyau. Ka hesa, wuri ya bushe, ya yi ɓawo, ƙuda ya yi hushi ya tahi. Gwangwani ya ƙare na sayi wani. Ƙafata ta yi shuɗi, zanen gado ya yi shuɗi, Hannatu ta ce in aka ci gaba haka ɗan da za mu haifa Buzu za a ce, don da rininshi zai zo. Amma can ciki, ƴan'uwa, wani abu na bugawa kamar ana kiɗa a garin da ke nesa. Da yamma zazzaɓi. Ga wari. Waɗanda ke zama kusa da ni a bencin baya, na ga lokacin da kuka fara son wa'azi kuna matsawa gaba. Na yahe maku.

Hannatu ce ta tsaya. Ta ce ko in shiga mota da ƙafata ko ta kira mazan majami'a su ɗaure ni kamar ɗan maraƙi. Na ce zan je. Amma kun san aikinmu. Ba a kai dabba kasuwa yadda ta kwana. Ana wanke ta, a ba ta gishiri ta sha ruwa ciki ya hito, a goge ƙaho, a tsai da ita inda rana ba ta nuna ƙashin baya. To haka na yi ma ƙafar. Na share kwanaki ina shirya ta. Na wanke, na hesa, na bari ta bushe, na shafa mai a kewaye tana ƙyalli. Na koyi tahiya ba ɗingishi. A raina, lokotoro zai duba shi ce lahiya lau, shi ba ni ƙwayoyi, in dawo in yi ma Hannatu dariya.

Muka koma asibitin ni da Hannatu, wurin wanda ya sa ƙarhen. Lokotoron nan Bazabarme ne, wani siriri mai gilashi. Kun san tsakaninmu da su, taubasai ne. Ina ɗage wando ya ce, “Bagobiri, marina ka faɗa da ƙafa ɗaya?”

Na ce, “Bawana, ado ne. Ku can ba ku san shi ba.”

Ya ce, “Maganin shanu ne wannan.”

Na ce, “Ai ya warke. Dubi yadda ya bushe.”

Ya sa safar hannu, ya ɗora babban yatsa sama da ɓawon, ya danna. Ba zan faɗi abin da ya hito ba, akwai masu niyyar cin abinci in an tashi. Kwalliyar kwanaki ta rushe da yatsa ɗaya. Ashe shi ma ya iya buɗe bakin sa shi duba haƙori. Ya yi mani faɗa kan shuɗin nan har gilashinshi na zamewa. Ya ce na toshe ma mugunya hanya, na ƙulle ɓarawo cikin ɗaki na kwanta bakin ƙofa ina murna.

Aka yi hoton ƙashi, ya ɗaga shi ga haske. Ya ce ƙashin da ya karye ya haɗe, ƙarhen ya gama aikinshi tuntuni. Amma ƙwayoyin cuta sun samu jikin ƙarhen, da wani ɓangaren ƙashi da ya mutu, sun manne, sun yi ma kansu wani yauƙi mai kauri sun lulluɓa da shi. Ya ce sunan abin biyofilm. Ya ce magani jini yake bi, ƙarhe kuwa ba shi da jini, mataccen ƙashi ma haka. Duk abin da na sha, waɗanda suka hito yawo yake kashewa. Na cikin yauƙin suna kwance abinsu, in magani ya wuce su sake hitowa.

Na ce, “Tsaya, lokotoro. Ƙwayar da ido bai gani, ita ce har da gina gida? Wa ya ba ta hili?”

Ya sake bayani. Na ƙara ɓata. Ni dai abin da ke juya mani kai shi ne, ƙarhen da ya tashe ni, wanda na yi ma kirari a kasuwa, wai shi ne yanzu masaukin ɓarayi.

Hannatu ta ce, “Lokotoro, kamar randa ke nan? In ta yi gansakuka a ciki, ko sau nawa ka canza ruwa santsin na nan, sai an sa hannu an kankare?”

Ya ce, “Madam, haka ne. Ki yi mashi hassara, shi Bagobiri sai a hankali.”

Ya jawo aljihun tebur ya zaro wani abu kamar cokalin shayi, mai dogon hannu, bakinshi ƙarami amma da kaihi. Ya ce sunanshi kiret, da irinshi zai kankare mani ƙashi. Zai buɗe tsawon tabon duka, shi cire ƙarhe da ƙusoshi, shi yanke naman da ya mutu, shi kankare, shi wanke, kuma wataƙila ba sau ɗaya ba.

Na ce, “Ramin da bai kai idon kaza ba, za ka mai da shi rijiya don shi warke?”

Ya ce, “I.”

Na ce, “In an bar shi fa?”

Nan wasa ya ƙare. Ya ɗauki bik ɗin da yake rubutu da shi ya ja layi a fatata, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya ce, “In an bar shi, wata rana nan zan yanke, in ma cutar ba ta riga ni shiga jini ba. Kuma Iliya, ba zan ɓoye maka ba, ko yanzu sai na buɗe zan san abin da ya rage na ƙashin. In na tarar ya ruɓe da yawa, ƙafar ba za ta tsira ba.”

Dillali da sanda, ƙafa ɗaya, tsakanin ƙahonni. Wa zai ba ni igiyar sanshi? Abin da na gani ke nan cikin layin bik ɗin nan.

Sai bakina ya koma abin da ya iya. Na ce, “Albarka, lokotoro. Rage mani. Cire ƙusa biyu na wajen ramin, ka bar mani sauran.” Ya ce a'a. Na ce to a cire ƙarhen a bar kankara. Ya ce a'a. Na ce to allura mai ƙarhi, ta wata guda, in ba ta yi ba in dawo da kaina. Ya ce, “Nan ba kara ba ce. Ƙwaya kaɗan in ta rage a lungu, gida za ta sake ginawa.” Na ce zan je in yi shawara. Hannatu ba ta yi mani magana ba har muka wuce Kornaka, kuma da ta yi, na gwammace shirun.

Na dawo gida na shiga addu'a. Amma wace irin addu'a? Ciniki ne. Ubangiji, in Ka busar da shi ba wuƙa, ba zan sake makara sujada ba. Shiru. Ubangiji, na ƙara, zan shiga ƙungiyar mawaƙa. Wataƙila ma wannan ce ta ɓata cinikin, kun san muryata. Ubangiji, to mu raba, Ka bar mani ɗingishi Ka ɗauke warin. Kullum da sahe in kwance tsumma in duba ko an amsa tayina. Pasto ya zo ya yi mani addu'a, ya ce, “Ɗan'uwa Iliya, Allah na warkarwa ta hannun lokotoro ma.” Na ce amin da baki. A ciki ina cewa, Pasto, ba ƙafarka aka ja ma layi ba. Na rasa gane kome. In na tahi asibiti, rashin bangaskiya ne? In na zauna, bangaskiya ce ko tsoro? Layin bik ya goge da wanka, amma ni ina ganinshi.

Ran wata kasuwa na ja ƙafa na tahi kara. Altine ya bar mani wani farin sa ya shiga gari sayen gero. Wani mai saye ya zo, ya taya, na ce albarka, ya ƙara, ya ƙara, har ya kai inda ko ni na san ya yi. Ya miƙo hannu ya ce in sallama. Na ce, “Alhaji, ba nawa ba ne. Igiya kawai aka ba ni. Sai na ji daga bakin mai shi.” Maganar da nake faɗa kowace kasuwa, ba tare da tunani ba. Ya ce zai zagayo.

Na zauna gindin aduwa ina jiran Altine, rana tsaka, igiya a hannu, ƙudaje sun bar shanu sun dawo kaina. Sai maganar nan ta dawo mani. Ba nawa ba ne, igiya kawai aka ba ni. Na dubi ƙafar. Ni na yi ta? Ni na jera mata yatsu? Sa na wani, ban taɓa yanke mashi magana ba sai na tambayo. Amma ƙafar da aka ba ni riƙo, na yi ta kwalliya, na yi ta ciniki, har Mai ita nake ce ma albarka.

Nan na yi addu'a, ido buɗe don kada san ya ja ni. Na ce, “Yesu, ban gane ba. Ban gane yauƙin ba, ban gane cokalin ba, ban gane dalilin da ya sa Ka yi shiru ba. Amma ƙafa taKa ce, ni dillali ne. Abin da Ka ce shi ke nan. In Ka bar mani riƙo, na gode. In Ka karɓa, Ka riƙe ni da ɗayar.” Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada in ƙara gishiri a gidan Allah. Ƙirjina ne kawai ya sauka, kamar an kwance ma jaki kaya. Altine ya dawo ya tarar ina hawaye, ya ce, “An yi mugun tayi ne?” Na ce, “A'a, tayi ya yi kyau. Je ka sallama abinka.” Na miƙa mashi igiya da gwangwanin shuɗinshi.

Muka koma. Lokotoro ya ce, “Bagobiri ya gama shawara da shanu?” Na ce, “Bawana, yi aikinka.”

Ran aikin aka shiga da ni bulok, ɗakin hiɗa ke nan, sanyi kamar cikin randa. Na ga tire an jera kaya. Ga ƴan asake, ga cokulan nan manya da ƙanana, ga wani awartaki mai baki kamar na aku, ga guduma, ga turnabis. Turnabis, ƴan'uwa, abin kwance ƙusa irin na mai gyaran moto. Na ce ko garaji aka kawo ni. Aka yi mani allura a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa na zama ba ni. Aka tare mani huska da ƙyalle. Ido biyu, kunne biyu, ƙafa babu labari.

Can sai na hangi mai taimaka mashi ta wuce da wata ƙatuwar allura marar tsini, cike da ruwa. Shuɗi. Shuɗi shar, ɗan'uwan na Altine.

Na ce, “Lokotoro, me nake gani? Ba kai ka kusa cinye ni kan shuɗi ba?”

Ya ce daga bayan ƙyalle, “Naka na ɓoyewa ne. Nawa na tonon asiri.” Ya ce zai ɗura shi ta ɗan ramin, shi bi duk hanyar da mugunya ke bi. Rinin na kama yauƙin da naman da ya mutu, mai rai kuwa in an wanke sai shi saki. Duk inda ya rage da shuɗi, nan cokali zai bi, har sai babu ko ɗigo.

Na ce, “To ai da ka bari na zo maka da gwangwanina.” Ya ce a ruhe mashi bakin Bagobirin nan kahin shi ɗinke shi.

Daga nan kunne ya koma ido. Na ji turnabis na juyawa, ƙusa na faɗawa cikin kwano, ƙwal, ƙwal. Na ji an zare ƙarhen, ya ce, “Ga ɗan'uwan kamiyo, duk ya yi majina.” Sai kankara. Kun san ƙarar da mata ke yi in suna hidda ƙanzo daga tukunya? Ita ce, sak, sai dai tukunyar ni ce. Awartakin na cizon ƙashi, ƙaras, ƙaras. Yana yanko ƴan guntaye daga wurare dabam-dabam yana cewa a kai labo, ɗakin gwaji, a gano ko wace ƙabila ce ta ƙwayoyin, don a san maganin da ke jin yarenta. Sai ruwa. Ruwan gishiri, ana turawa da ƙarhi, wani inji na zuƙewa. Ruwan da aka zuba ma ƙafar nan, da Azagor aka kai shi da an shayar da garke har da raƙuman maƙwabta.

Ina ta zuba, yana mayar mani. Sai na ji ya daina amsawa. Na yi wata maganar, shiru. Suka koma Faransanci, ƙasa-ƙasa. Ni Faransancina bai wuce na gaida jandarma ba. Sai guduma. Ban jin zahi, amma duk bugu ina jin shi a haƙorana. Aka daɗe. Sai na ga matar nan ta bi ta gehena za ta hita, rungume da wani dogon abu naɗe cikin ƙyalle, da jini da shuɗi a jiki.

Na ce shi ke nan. Ga ta can za ta.

Na aika ma yatsuna saƙo su motsa, babu wanda ya amsa. Karo na farko tun da uwata ta haihe ni, magana ta ƙare mani. Na jira in ji ihu ya taso daga cikina. Bai taso ba. Wannan shi ne abin da ya hi ruɗa ni cikin labarin nan duka. Ni da ke kuka in an taka mani yatsa, ina kwance ina kallon ƙafata na hita ƙofa, abin da ya zo bakina shi ne, “Mai ita ya karɓi abinShi. Na gode da riƙon da Ka ba ni.” Hawaye na gangarawa cikin kunne, amma zuciya kwance. Wannan ba halina ba ne, Hannatu na nan ku tambaye ta. Wani ne ya riƙe ni.

Can na ji lokotoro ya ce da murna, “Alhamdu lillahi, ga jini. Dubi yadda yake tsattsafowa.” A raina na ce, ka sare ma mutum ƙafa, da nono kake jira? Ya ce, “Bagobiri ya yi barci?” Na ruhe ido.

Aka turo ni ɗakin kwana da la'asar, an lulluɓe ni da zane har ƙirji. Ban yarda na dubi ƙasa ba. Hannatu na zaune. Na kama hannunta na ce, “Hannatu, ki yi haƙuri. Daga yau takalmi ɗaya za mu riƙa saye. Ki nemo mani wani mai ƙafar hagu mu riƙa haɗa kuɗi.”

Ta dube ni. Ta tashi ta kama bakin zanen ta yaye. Ta ce, “To wannan mai kaushin ta wa ce?”

Na ɗaga kai. Ga ta nan. An naɗe ta kamar gammo, amma ga yatsu biyar a waje, da farcen nan nawa da ya murɗe, wanda ba mai iya satar irinshi. Ƴan'uwa, na yi kuka har na gadon kusa ya tambaya ko rasuwa aka yi mani. Yesu mai jinƙai ne!

Da lokotoro ya zagayo na ce, “Me aka hita da shi a ƙyalle?” Ya ce kayan aikin farko ne da ƙyallayen da suka ɓaci. In an gama kankara ana kwashe su duka, a canza safar hannu, a kawo sabbi, don kada a mai da ƙazantar inda aka share. Shirun kuwa, ya tarar da guntun mataccen ƙashi ya shige ciki, sai da ya fasa ƴar taga da guduma ya zaro shi, bai san ko abin da zai rage zai ɗauke ni ba. Na ce, “Jinin da kake ma murna fa?” Ya ce mataccen ƙashi fari ne ƙal, ba ya jini. In ana kankara aka ga jini na hitowa ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa yaji, an iso mai rai, kuma inda jini ya kai magani zai kai. Ya ce, “Na so in yanke in huta da surutu, sai na tuna ba da ƙafa kake magana ba.”

Kada ku ce ruɗanin ya ƙare nan. Wai ashe ya cire ƙarhe ya zuba mani siminti. Ƴan dunƙule-dunƙule kamar duwatsun wuya a zare, an kwaɓa su da magani, suna zaune cikin ramin suna sakin shi a hankali. Na ce da kamiyo ne ni, yanzu na koma gini. Bai ma ɗinke duka ba, ya bar wuri a buɗe. Bayan kwanaki aka sake shiga da ni, aka duba, aka ƙara ƴar kankara, aka wanke. Daga baya aka cire ƴan dunƙulen aka ruhe. Labo ta faɗi sunan ƙwayoyin, aka ba ni maganin da ya dace da su, na sha shi makonni ba tsallake, Hannatu na tsaye kaina kamar jandarma. Maganin mutane, wanda Altine ya ce ba shi da ƙarhi. Da aka rushe masu gida, sai ga shi yana aiki.

Altine ya zo gaishe ni har can da ƙwaryar nono. Na ba shi labarin shuɗin lokotoro. Ya ce, “Na gaya maka shuɗi ne maganin.” Na bar shi, ban da ƙarhin gardama.

Ga tabon, bari in ɗage wando, mata ku yi haƙuri. Ya bushe, kuma ba ni na busar da shi ba. Ga ƙarhen nan ma a aljihuna, an wanke an ba ni, wanda ke so shi taɓa bayan sujada. Lokotoro ya ce irin wannan ciwon yakan yi kwanton ɓauna, don haka ina zuwa randebu, duk ranar da ya sa mani in koma shi duba. Amma yanzu yadda ƙafar ta kwana haka nake kai ta. Ko mai ban shafawa.

Na gode ma Allah Uba, na gode ma Yesu da Ya riƙe ni lokacin da na ɗauka an hita da ita. Na gode ma Hannatu, da Pasto, da ku da kuka yi ta addu'a kuna toshe hanci. Har Bazabarmen nan, Allah Shi yi mashi albarka, amma kada a gaya mashi na faɗa.

In akwai mai wani ɗan rami a nan, a jiki ko a wani wuri, yana hesawa yana shafa mai kahin shi zo sujada, ni ba zan ce na gane yadda Allah ke aiki ba. An buɗe ni don in ruhe, an zuba mani shuɗi don a cire shuɗi, an yi murna da jinina. Ban gane ba, kuma ba a jira na gane ba kahin a warkar da ni. Ka daina ce ma Ubangiji albarka. Kai igiya aka ba ka, je ka tambayo Mai shi, abin da Ya ce ka yarda da Shi.

Pasto na duban agogo. Zan koma bencina na baya, waɗanda suka gudu gaba suna iya dawowa. Ku bi ni da ido da kyau, da ƙafa zan tahi. Cikin sunan Yesu, amin.